Wa zai buga mana taswirar a Damagaram?

Labarin nan na wayar da ke yi wa ɗalibai makafi bayanin zanen da suke shafawa ya burge ni. Rubutun makafi na Braille mai ɗigo 6 ya wadatar wajen karatu, amma taswirar Nijar sai an buga ta da tudu-tudu. Yaro ya bi kogin Isa da yatsa, kyamara ta gane inda yatsan yake, murya ta ce masa nan ne Yamai. Madalla!

To amma a nan Damagaram wa zai buga takardun? Injin da tsada, kuma ba kowane uba ke da kuɗin Android ba. Muryar ma, in Faransanci kaɗai take yi, ɗan aji ɗaya yaya zai yi? A sa mata Hausa, don Allah.