Ruwan Hypo na makon jiya ya riga ya mutu

Jiya na je barka gidan wata 'yar uwa. Da na shiga banɗaki sai na ga jarka mai lita 20 a jingine ƙarƙashin taga, rana tana dukanta. Na tambaya, uwargidan ta ce ruwan Hypo ne, sau ɗaya take haɗawa a wata, a riƙa ɗiba ana goge tayil ana wanke masai. Tana faɗa tana jin daɗi, wai ta huta da awo kullum. Gidan haihuwa ne cike da mata, sai na ja bakina na yi shiru. Amma abin ya tsaya mini a rai, don ni ma na yi shekaru ina wannan dabarar, ina ganin na fi kowa wayo.

Bilic, ko Hypo ne ko Jik, ko jabel kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar ke kiransa (sunan wata unguwa ce a Faris inda aka fara sarrafa shi), kulorin ne ke aiki a cikinsa. Da zarar an sirka shi da ruwa, ƙarfinsa ya kama hanyar tafiya. Zafi na cin sa, hasken rana na cin sa, barin murfi a buɗe na cin sa. To ku auna da zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a haɗa sabo kowace rana, wanda ya wuce awa 24 a zubar. Wari kuwa mayaudari ne. Hanci zai ce miki yana nan da ransa, alhali ba ki san ko rabin ƙarfinsa ya rage ba.

Na san abin da za a ce: wa ke da lokacin awo kullum da safe, ga ɗumame, ga shirya yara makaranta? Ai nan ne dabarar take. Awon ake yi sau ɗaya, ba haɗin ba.

Ki duba jikin robar, za ki ga ƙarfinsa a rubuce. Jik kashi 3.5 ne cikin ɗari. Don goge-gogen yau da kullum, hannun ƙofa, kan famfo, bakin masai, fo ɗin yara, kashi 0.1 ake buƙata, wato awo 1 na bilic cikin awo 34 na ruwa. A sauƙaƙe, mililita 30 a lita ɗaya, kuma lita ɗaya ai ledar fiya wata biyu ce. Ni na samu roba mai duhu wadda haske ba ya ratsa ta, na zuba lita ɗaya na ja layi da maka a daidai wurin, na ɗaure mata sirinji marar allura a wuya da zare. Da safe in cika ruwan sanyi zuwa layi, in zuƙo bilic in zuba, in rufe. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Da dare abin da ya rage in tuttule shi a magudana.

Idan jini ne ko amai ko gudawa, wannan haɗin ya yi sanyi. Sai kashi 0.5: kofi 1 na bilic, kofi 6 na ruwa, a sa safar hannu, a bar shi ya yi minti 10 a wurin. Shi kuwa na kullum, a bar shi ya yi aƙalla minti ɗaya kafin a goge. Mu da mun watsa sai mu bi da tsumma nan take, mu ce mun kashe ƙwayar cuta. Kuma a fara wanke wurin da omo a ɗauraye, don datti da maiƙo suna shanye ƙarfin kulorin kafin ya kai ga abin da aka aike shi.

Yanzu zancen da ya sa hannuna ke rawa ina rubutun nan. A da, a robar ruwan sha nake haɗawa, irin fara tas ɗin nan, ba rubutu ba komai. Wata rana autana, yana ɗan shekara 3, ya shigo daga wasa da ƙishirwa. Ina juyowa daga murhu na gan shi da robar a hannu, ya riga ya kwance murfin, yana yamutsa fuska saboda warin. Allah ne ya tsare, bai kai baki ba. Na fizge, na zauna a ƙasa ina salati, shi kuma ya fashe da kuka don bai san laifinsa ba. Ba shi da laifi kuwa, ni na zuba guba a mazubin ruwa. Tun ranar, robata tana da rubutu ɓaro-ɓaro da jan fenti, tana can saman kanta inda ni kaina sai na yi ɗage. Kada a zuba a ƙarfe kuma, yana cin sa ya yi tsatsa.

Masu son "ya fi ƙarfi", don girman Allah ku daina gauraya shi da ruwan wanke masai irin su Harpic, ko ruwan khal. Asid ne a cikinsu, haɗuwarsu da bilic na tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a banɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ruwan zafi ma haka, tururin yake tayarwa ya lalata haɗin. Wanke hannu na kullum kuma ruwa da sabulu sun isa. Bokitan kulorin da muka gani a ƙofar bankuna da makarantu lokacin Ebola a 2014 haɗi ne mai rauni ƙwarai, kashi 0.05, ba wannan na goge ƙasa ba.

Sai bilic ɗin ɗure da ake sayarwa a kasuwa ba takarda ba lambar NAFDAC. Araharsa na ja, amma tunda ba a rubuta ƙarfinsa ba, da me za ki yi lissafin? Ni na haƙura da shi.

Ranar suna zan koma gidan, in sha Allahu. Na riga na sayi roba mai duhu da sirinji, na ja layin, na sa su a leda ɗaya da kayan jariri.