Idan maigida ne ya kamu da shaye-shaye, ina za mu kai shi?

Duk lokacin da aka taso da maganar ƙwaya a majalisunmu na Makka da Jidda, matasa ake nunawa da yatsa. Malamai su yi wa'azi a kan samari, iyaye mata su koka a kan 'ya'yansu, a yi addu'ar shiriya a watse. Amma akwai waɗanda ba a ambata, wato magidanta masu mata da 'ya'ya, wasu har da jikoki, waɗanda su ma abin ya kama su. Matansu sun sani, manyan 'ya'yansu sun sani, abokan sana'arsu sun fi kowa sani, sai dai kowa ya kama bakinsa, domin girman uba ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ni a ganina wannan shirun ba rufin asiri ba ne, jinkiri ne kawai da ake yi har ranar da jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi za su ƙwanƙwasa ƙofa, asirin ya tonu ta hanyar da ta fi muni.

Yawancin waɗannan mutane ba neman nishaɗi ya kai su ba. Direban da ke jigila tsakanin Jidda da Makka da Madina a watan azumi ko lokacin aikin Hajji, wanda yake son ya tara kuɗin hayar shekara a cikin 'yan makonni, shi ne abokin aiki zai miƙa wa ƙwayar ƙara kuzari da ake kira kaftagon ya ce za ta hana shi barci. Mai ɗaukar kaya ko mai aikin gini da ciwon baya ya addaba, da tiramadol ko Lyrica yake farawa, kuma a ransa magani yake sha. Bayan watanni sai jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, kuɗin cefane ya fara tafiya can. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne shabu, wato ƙwayar methamphetamine, domin yana hana barci kwana da kwanaki, ya sa mutum zargi da ganin abin da babu shi, har dattijon da aka sani da kunya ya fara tuhumar matarsa da suka yi shekara ashirin tare, yana binciken wayarta, yana cewa ana leƙensa ta taga. A irin wannan hali mukan ce sammu ne ko aljanu, a yi ta ruƙiyya da hayaƙi, alhali abin da ke cikin aljihunsa ne ke magana.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne dokar ƙasar nan ta Saudiyya, duk da tsananinta, ta bar ƙofa a buɗe. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta shekarar 1426 bayan Hijira, wato 2005, ta faɗa a sashe na 42 cewa ba za a gurfanar da mutum saboda sha ko kamuwa ba idan shi da kansa ya zo neman magani, ko kuwa mahaifinsa, ko ɗansa, ko matarsa, ko wani daga cikin danginsa ya zo ya nema masa. Sharaɗin shi ne a miƙa abin da ya rage a hannunsa, ko a nuna inda yake. Wannan sassauci na mai sha ne, bai shafi mai sayarwa ba. Ita dai wannan doka ce kuma ta ce baƙon da aka yanke wa hukunci za a fitar da shi daga ƙasar bayan ya gama zaman gidan yari. Duk wanda ya auna waɗannan biyu, musamman bayan samamen da aka tsananta tun 2023, zai gane cewa ɗan da ya ɗauki mahaifinsa ya kai shi asibiti bai ci amanarsa ba, ya riga masu kama shi ne.

Wuraren zuwa kuma suna nan. Asibitocin da aka daɗe da sani da sunan Amal, waɗanda yanzu ake kira Irada, suna aiki a Jidda da Riyad da Dammam, akwai kuma na Ɗa'if. Lambar 1955 ta cibiyar ba da shawara kan kamuwa da ƙwaya ce, ana magana a asirce, kuma mace tana iya kira daga ɗakinta ta bayyana halin mijinta ta ji matakin da za ta ɗauka. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya ce. Ina roƙon a bambanta su da 995, wadda ta kai rahoton masu safara ce. Idan kuma abin ya kai ga duka ko barazana da wuƙa, to maganar magani ta koma ta biyu: a fara fitar da mace da yara zuwa gidan dangi, a kira 1919 da aka ware domin cin zarafi a cikin gida.

Ba zan ɓoye cewa hanyar ba ɗaya take ga kowa ba. Bahaushen da ke da takardar ɗan ƙasa, asibitin gwamnati haƙƙinsa ne. Mai iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, sai ya tambayi abin da inshorarsa ta ɗauka, kuma cibiyoyi masu zaman kansu suna da tsada ƙwarai. Wanda ba shi da takarda kuwa, tsoron tarhil, wato korar baƙo zuwa ƙasarsu, ya ishe shi ya ƙi kusantar kowace ƙofa ta hukuma, shi ya sa dangi sukan yanke shawarar a tura shi gida Nijeriya ko Nijar. Idan za a yi haka, don Allah a tura shi asibiti, irin na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Kada a kai shi gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane, da yawansu cikin sarƙa, jikinsu duk tabon duka, kuma sarƙa ba ta taɓa cire wa kowa sha'awar ƙwaya ba.

Haka nan kulle mutum a ɗaki a ce ya daina da ƙarfin tsiya yana da haɗari. Wanda ya daɗe a kan giya, ko ƙwayoyin barci irin su Xanax, ko Lyrica, idan aka yanke masa farat ɗaya yana iya faɗuwa da farfaɗiya, wani ma ya rasa ransa, saboda haka likita ne ke rage masa sannu a hankali. Mai kaftagon ko shabu kuma, a makonnin farko baƙin ciki mai nauyi yakan rufe shi, har ya yi tunanin kashe kansa, kuma a nan ne yake bukatar ido a kansa dare da rana.

Sai dai babban abin da ke hana uba kwanciya a asibiti, bayan kunya, shi ne tambayar da kowane magidanci zai yi: idan na tafi wata biyu ko uku, wa zai biya haya, wa zai kawo shinkafa, wa zai riƙe kuɗin makarantar yara? Saurayi yana iya ɓacewa wata uku gida bai girgiza ba, uba kuwa ba haka ba ne. A nan ne nake ganin laifin namu ne, mu jama'a. Mun iya karo-karo idan biki ya taso, mun iya haɗa kuɗi idan aka yi rasuwa, matanmu suna da adashe da ba ya fashi, amma ban ga an ware wani abu domin gidan da maigidansa ya tafi neman lafiya ba. Da unguwanninmu na Jidda irin su Karantina da Sabil da Gulail suna nan, maƙwabci yakan lura idan tukunyar wani gida ta yi sanyi. Tun da aka rushe su daga 2021 zuwa 2022, mutane suka warwatsu, mace tana iya shekara cikin wannan bala'i babu wanda ya sani. Ya kamata dattawan kowane zumunci su zaɓi mutum biyu masu riƙe sirri, su riƙe asusu na musamman, a biya wa gidan haya da cefane ba tare da an ambaci suna a taro ba, a kuma yi magana da kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ko mai motar da yake ja domin a ajiye masa aikinsa.

Bayan sallama daga asibiti ne aikin yake farawa. Wanke jiki daga ƙwaya kwanaki ne kawai, amma sake koyon rayuwa ba tare da ita ba watanni ne, shi ya sa ake da gidajen da ake kira na rabin hanya, inda mutum yake zama tsakanin barin asibiti da komawa gida, da zaman masu murmurewa inda suke ƙarfafa wa juna gwiwa. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma aƙalla sau ɗaya, kamar yadda mai hawan jini yakan sake tashi idan ya yi sakaci. Komawar tana da haɗari musamman ga mai shan tiramadol da ƙwayoyi irinsa, domin jikinsa ya daina jure adadin da ya saba sha, kuma adadin nan ne yake iya tsayar masa da numfashi. Idan ya koma, a mayar da shi wurin likita a ranar, kada a tsaya gori. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an sha kawo wani mutum saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa.

Ina kira ga malamanmu da ke karantarwa da Hausa a Shara Mansur da Rusaifa da ke Makka da sauran wurare, su karanta wa jama'a sashe na 42 a fili, su faɗi lambar 1955 a bainar mata da maza. Ku kuma baffanni da kawunnai da yayyen mata, idan 'yar'uwarku ta kawo muku wannan kuka, kada ku ce ta je ta yi haƙuri. Ku sami mijin a lokacin da yake cikin hayyacinsa, mutum biyu ko uku da yake jin nauyinsu, ba a gaban 'ya'yansa ba, ku gaya masa cewa an riga an yi magana da asibiti, an kuma san wanda zai riƙe gidan har ya dawo.