Kawu na da kuɗi a aljihu, amma ni ke biya masa mota a Landan

Kawuna ya kawo mana ziyara, kuma tun kafin ya fito daga filin jirgi aka raba shi da kilishin da ya taho da shi, da man shanun da Inna ta soya da hannunta. Jami'in kwastan ko murya bai ɗaga ba. Ya sa safar hannu ta roba, ya zazzage jakar a kan teburin ƙarfe, ya ware ƙunshin gefe, ya ba shi haƙuri. A hanya Kawu ya ce min, "Ɗana, da zagina ya yi da ya fi min sauƙi."

Ba zan ce dokar ba ta da tushe ba. Nama da madara da duk abin da aka yi da su ba sa shiga Birtaniya a jakar wanda ya taso daga Najeriya. A 2001 cutar baki da kofato ta sa sun hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, har yau ba su manta ba. Kifi an yarda har kilo 20, zuma kilo 2. Kuɗi kuwa, in sun kai fam 10,000 sai ka bayyana, sauran kaya in sun wuce na fam 390 ka biya haraji. Komai a rubuce yake, ba wanda zai ce ka "ga na goro". Wannan na yaba.

Amma a bar ni in faɗi abin da ya ci min rai. Ɗan canjin da Kawu ya je wurinsa a gida ya haɗa masa da tsofaffin takardun fam 50, waɗanda aka daina karɓa a shaguna tun 30 ga Satumba, 2022. Yanzu na roba ake kashewa. Gaskiya kuɗin ba su mutu ba, Babban Bankin Ingila na canza su ba tare da wa'adi ba, ba irin wahalar da aka sha a gida farkon 2023 ba. To amma ko sabbin ma me suka tsinana masa? Motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Kana shiga za ka ga wani faifai rawaya kusa da direba, ka ɗora kati ko waya ya yi ƙara, ka wuce. Direban na bayan gilashi, ba gaisuwa, ba ciniki. Shagon shayin unguwarmu ma ya manna takarda a ƙofa: kati kawai. Dattijon da ke ciyar da gida guda a Kano ya koma tsayawa a bayana yana jira in taɓa masa waya.

Abokaina na nan suna cewa ci gaba ne, ba ɓarawo, ba neman canji. Ni dai na san a gida baƙo ba ya rasa yadda zai yi da kuɗinsa. Ko katinka ya ƙi, mai POS na bakin titi, mai shago kuma zai ce tafi ka kawo gobe.

Abin ma ya wuce mota. Girman baƙo a wurinmu yana hannunsa: ya sauke tsaraba, a rarraba wa maƙwabta, ya zura hannu a aljihu ya ba yara. Kawu ya samu sabuwar fam 20 ya miƙa wa babban ɗana. Yaron bai rusuna ba, bai sa hannu biyu ba. Ya juya ta, ya miƙo min, ya ce in tura masa a katinsa don bai san inda zai kashe ta ba. Kawu ya yi dariya, ni ban yi ba. Na riga na gaya wa uwarsu, hutun makaranta mai zuwa a Kano yaran nan za su yi shi, ko tikiti ya kai nawa.