Kwesi Appiah bai cancanci rainin da muke masa ba

Har yau a majalisun shan ataya na Aboabo da Asawase a Kumasi, da an ambaci Kwesi Appiah, tsohon kocin Black Stars, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu Ghana, sai wani ya ce ai mutumin ya cika sanyi, ba zai iya da manyan 'yan wasa ba. Wallahi maganar nan tana ci min rai.

Ɗan Kumasi ne, lamba uku ya buga wa Kotoko, kuma ya riƙe kyaftin na Black Stars kafin a miƙa wa Abedi Pele gab da gasar Afirka ta 1992. Duk wanda ya san aikin baya ya san ba na masu garaje ba ne. Gwanin lamba uku ba ya saurin zubewa ƙasa. Ja da baya yake yi kaɗan-kaɗan, yana tura ɗan gefe bakin layi har ya rasa ta inda zai bi, sannan ya sa ƙafa. Ba a cika tafa wa wannan ba. Da irin wannan haƙurin ya shiga koci, mu kuma muka ɗauka rauni ne.

Jama'a, wa ya ci Masar 6-1 a filin Baba Yara a Oktoban 2013? A 2006 da 2010 Turawan Sabiya ne suka kai mu kofin duniya. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya yi hakan. A kofin duniya na 2014 a Brazil abin da ake tunawa kawai shi ne rikicin alawus, dala miliyan 3 da aka ɗauko a jirgi, da korar Muntari da Boateng. Shi ne ke biyan alawus? An manta mun yi 2-2 da Jamus, kuma a duk gasar mu kaɗai ne Jamus ba ta doke ba har ta ɗaga kofin.

Ba na ce ba shi da laifi ba. Yadda ya karɓe kyaftin daga Asamoah Gyan ya ba Dede Ayew ana gab da gasar Afirka ta 2019 bai yi min daɗi ba, musamman shi da ya taɓa ɗanɗana irinta.

Amma ku dubi Sudan. Tun Afrilun 2023 ake yaƙi a ƙasar, ba gasar gida tsayayya, 'yan wasa na gudun hijira, wasan gidansu a ƙasar wasu suke bugawa. A haka ya karɓe su. Aka haɗa mu rukuni ɗaya a neman gurbin gasar Afirka ta 2025. A Accra suka tsare gida aka tashi ba ci, bayan 'yan kwanaki suka ci mu 2-0 a Libiya. Sudan ta samu tikitin zuwa gasar a Maroko. Mu muka ƙare a ƙasan rukunin, wasa shida ba mu ci ko ɗaya ba.