"Turo min amsa" ba taimako ba ne

Tun da aka shiga shirin jarrabawar Tahsili, falon gidanmu a nan Shara Mansur da ke Makka ya daina zama nawa. Ana idar da Isha'i ɗan yayata da abokansa huɗu suke baje takardu a kan darduma, su mamaye butar shayi, ni kuwa in koma lungu da wayata. Da farko na ɗauka hira ce aka yi wa lulluɓi da littafi. Na zauna da su 'yan makonni, yanzu ina da abin faɗa, musamman ga iyayen da ke ganin in ba a biya malamin darasi ba to yaro bai yi karatu ba.

Ga 'yan uwa na gida da ba su san tsarin nan ba: Tahsili jarrabawa ce da cibiyar Ƙiyas ke shiryawa ga masu gama sakandare. 'Yan ɓangaren kimiyya ana tambayarsu lissafi, fiziya, ilimin halittu da ilimin sinadarai, wanda a nan ake kira kimiya kawai (mu a Hausa kimiyya ta haɗa komai, su a Larabci fanni ɗaya ne, abin ya daɗe yana rikita ni). Tambayoyin na zaɓi ne, ba a shiga da kalkuleta, kuma sakamakon yana da nauyi sosai wurin neman gurbi a jami'o'i irin su Ummul Ƙura a nan Makka da ta Sarki Abdul'aziz a Jidda. Shi ya sa yara suka raja'a a kan abin da suke kira tajmi'at, wato tarin tambayoyin da waɗanda suka riga su zana jarrabawar suka tuno suka rubuta, ake ta yaɗawa a Telegram da WhatsApp.

Ba ni da faɗa da tajmi'at. Faɗana da yadda ake amfani da su ne. Yaro ya ɗauki hoton tambaya ya jefa a zaure, ya rubuta "turo min amsa". Kafin minti guda wani ya rubuto harafi ɗaya, jim ko dal, a yi masa jazakallahu, a wuce. Wai an taimaka masa ke nan. Me aka koya masa? Ranar jarrabawa in aka canza wata lamba a tambayar, misali 500 ta koma 250, harafin nan ya tashi aiki.

Wani dare suka ci karo da wannan: an narkar da giram 4 na sinadarin NaOH (haɗin sodiyom, oksijin da haidurojin) a ruwa, haɗin ya kai mililita 500, mene ne ƙarfinsa? Fayil ɗin da suka sauko da shi ya sa alama a kan 0.1. Uku daga cikinsu suka yarda, tunda ai "haka aka rubuta". Ƙaramin cikinsu, wanda ko magana bai cika yi ba, ya ce shi bai yarda ba. Ya ja takarda ya tara nauyinsu: sodiyom 23, oksijin 16, haidurojin 1, jimla 40. Giram 4 a raba da 40, mol 0.1 ke nan (mol ma'aunin yawan sinadari ne, ƙarfin haɗi kuwa shi ne yawan mol a kowace lita). To amma ba a lita ɗaya aka zuba ba, a rabin lita ne, don haka amsar 0.2 ce. Wanda ya tara tambayoyin ya tsaya a tsakiyar hanya, ɗaruruwan yara kuma suna ta haddace kuskurensa. Musun da suka yi a kan tambayar nan ya ci musu kusan minti ashirin, kuma a ganina ya fi tambayoyi hamsin da za su bi da ido suna gyaɗa kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin da suke yi wa juna da harshen gida. A makaranta komai da Larabci ne, kuma sun iya shi fiye da ni. Amma in abu ya cije, Hausa suke komawa. Akwai babin da ake tambayar wane sinadari ne zai fara ƙarewa a cikin haɗi. Giram 4 na haidurojin da giram 16 na oksijin, ruwa nawa za a samu? Ɗaya ya haɗa su ya ce 20. Ɗan yayata, wanda mahaifinsa tela ne, ya ce masa: "Kai, in kana da yadin riga goma amma maɓallanka na riga biyar ne, riga nawa za ka miƙa wa mai kaya?" Daga nan ya nuna masa oksijin ɗin rabin mol ne kacal, mol ɗaya na haidurojin zai ci, a samu giram 18 na ruwa, giram 2 na haidurojin su yi saura kamar yadin da ya rasa maɓalli. Malamin da ke gaban yara talatin ba shi da lokacin wannan, kuma bai san shagon ɗinkin babansu ba.

Mu da muka yi hadda a halƙa ai mun san wannan hanyar tun da daɗewa. Malam ya biya maka, amma karatun ba ya zama sai ka zauna da ɗan uwanka kun yi tasmi'i, ka karanta ya kama maka kuskure, ya karanta ka kama masa. Ba wanda ya taɓa cewa abokinsa ya karanta masa shafin shi kuma ya je ya kwanta. Ban ga dalilin da zai sa kimiya ta bambanta ba.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma suna da gaskiyarsu: makaho ba ya yi wa makaho jagora. In duka biyar ɗin ba su gane babi ba, za su iya kwana suna ƙarfafa wa juna shirme. Na ga hakan ya faru a kan lissafin pH, wato ma'aunin tsami, har sai da suka kai wa malaminsu washegari. Ban ce a sallami malami ba. Amma sun je masa da tambaya guda takamaimai, sun san inda suka maƙale, ba su je suna cewa "ba mu gane komai ba".

Akwai kuma masu rowar ilimi. Yaro mai ƙoƙari ya ɓoye abin da ya sani don kada a kamo shi, wani lokacin ma uwarsa ce ke hure masa kunne. Hajiya, da girmamawa, ɗanki kike cuta. Ɗan yayata ya faɗa min da bakinsa: "Kawu, sai da na zo yi wa wani bayanin lambar Abogadiro, wato yawan ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya, na gane ashe haddace 6.02 kawai na yi, ban san me take ƙirgawa ba."

Shekaranjiya babin asid da kishiyarsa suke, sai na sa baki duk da ba a tambaye ni ba. Na ce su tuna yadda iyayensu mata ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami, shi ne ta'adul ɗin da ke littafinsu. Ita kanta kalmar alkali da Turawa ke faɗa daga Larabci ta fito, daga sunan tokar tsirrai, ba ruwanta da alƙalin kotu. Ba su yarda da ni ba sai da aka gwada. Suka ɗebo zoɓo kofi biyu, aka matsa lemon tsami a ɗaya ya ƙara ja, aka jiƙa kanwa aka zuba a ɗayan ya yi duhu ya juye kore-kore. Uwargida ta leƙo ta tarar an ƙarar mata da kanwar da aka kawo mata tsaraba daga Kano, kuma har yanzu ni take bi bashi.