Jiniyar manya a titin Accra

Da yamma ka taso daga Circle za ka Nima, hanya ta cushe, trotro ko motsi ba ta yi, yaron mota ya rataye a ƙofa yana fifita da kuɗin fasinja. Sai jiniya! Ɗan sanda a kan babur yana ɗaga hannu, kowa ya matsa bakin kwata, wai babba zai wuce cikin baƙin gilashi. Motar asibiti kuwa ta yi ta kuka, ba mai buɗe mata hanya.

A 2024 har majalisa aka kai ƙa'idar da za ta ba ministoci da 'yan majalisa damar kunna jiniya, jama'a suka yi ca, aka janye. To waɗannan da ke wucewa kullum fa, wa ya ba su izini?