Kabbara a hawa, tasbihi a gangara

Assalamu alaikum ƴan uwana na Damagaram.

Mu da muka tashi muna wasa a kan duwatsun Birni, gani muke mun san dutse. Sai da tafiya ta kai ni Maroko na gane ashe tsakuwa muke hawa. Abokai suka ja ni Imlil, wani ƙauye cikin duwatsun Atlas, kudu da Marakesh, a gindin Tubkal mai tsawon mita 4,167. Ba ƙololuwar muka nufa ba, yini guda kawai muka yi muna bin hanyoyin ƙauyuka.

Na fito da sabon takalmi da waya cike da caji, hoto ne a raina. Ba a yi awa guda ba numfashi ya sarƙe. Sai ga wani dattijo, ya yi sa'an babana, yana kora alfadari da kaya niƙi-niƙi, ya wuce mu kamar yana tsakar gidansa. Duk tudun da ya hau sai in ji shi ƙasa-ƙasa: "Allahu akbar."

Kunya ta rufe ni. Na san hadisin Jabir ɗan Abdullahi da ke cikin Bukhari, cewa Sahabbai in sun hau tudu sai su yi kabbara, in sun gangara su yi tasbihi. Na sha karantar da shi ma, amma ranar da na hau tudun gaske waya na ɗaga.

Ɗan uwa, hawa ba na dutse kaɗai ba ne. An ba ka kujera, ko kasuwar Dole ta yi maka kyau bana, wa ka fara ambata? Aya ta 37 cikin Suratul Isra'i ta hana mu tafiya da taƙama: ba za ka tsaga ƙasa ba, ba kuma za ka kai tsawon duwatsu ba. Su kansu duwatsun nan na Atlas, a Satumban 2023 girgizar ƙasa ta jijjiga su, kusan mutum 3,000 suka rasu. Allah Ya jiƙan su.

Azahar ta riske mu bakin wani rafi mai sanyi kamar ƙanƙara. Badamagaren da ya saba jiran mai ga-ruwa, in ya ga ruwa yana kwarara ba mai tsaronsa, dole ya tsaya kallo. Muka yi alwala, muka yi ƙasaru raka'a biyu a kan falalen dutse.

Wajen saukowa gwiwoyina sai rawa suke, sabon takalmin ya cinye mini diddige. Ban sake ganin dattijon ba. Ina dafa duwatsu ina "Subhanallah" har muka iso wurin mota.